Labarin Haɗeja A Bakin Takarda

A wannan shafi mun saba ɗaukar littafi guda mu auna shi, mu faɗi inda ya yi kyau da inda ya gaza. Wannan mako tarin takardu za mu ɗauka, watau waɗanda a kan miƙo wa mutum in ya shiga ɗakin karatu ya ce yana neman labarin ƙasar Haɗeja. Abin da ya jawo haka shi ne, kwanan baya wani malamin makaranta ya nuna mana rubutun da yaransa suka yi a kan Sarkin Haɗeja Buhari. Muka karanta na farko, muka karanta na biyu, kafin mu kai na goma mun hardace maganar, gama duk bakinsu ɗaya. Ashe littafi guda suka samu, kowa ya kwafe ya sa sunansa. Ba mu ga laifinsu ƙwarai ba. Yaro ya taso an koya masa abin da ke cikin littafi gaskiya ne, ba wanda ya taɓa gaya masa shi ma littafin mutum ne ya rubuta shi, wani kuma ya faɗa masa.

Da farko sai ku san inda takardun su ke, don yawancinsu ba a Haɗeja su ke ba. Sa'ad da Turawa suka tsara mulkinsu, sun haɗa Haɗeja da Katagum cikin yanki guda a ƙarƙashin Lardin Kano. A 1926 aka mai da Katagum Lardin Bauci, Haɗeja ta tsaya tare da Kano. Ta shiga Jihar Kano a 1967, sa'an nan Jihar Jigawa a 1991. Saboda haka wanda ya je gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ya ce a ba shi fayil ɗin Jigawa na zamanin Turawa, zai komo hannu wofi. Sai ya nema a cikin takardun Lardin Kano, da na ofishin Sakataren Lardunan Arewa. Wannan aiki na tara takardun gwamnati wuri guda Kenneth Dike ne ya kafa shi a Ibadan a 1954, daga baya aka buɗe reshen Kaduna. A Kaduna ɗin kuma akwai Arewa House, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mayar wurin bincike a 1970 bisa jagorancin Abdullahi Smith. Ku lura kuma da sunan garin. Turawan mulki sun fi rubuta Hadeija, wani matafiyi kafinsu ya rubuta Khadeja. Wanda ya tsaya a kan rubutu iri guda, rabin abin da ya ke nema zai wuce shi yana kallo.

To, bari mu fara da mafi tsufa. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, ya bi hanyar Kano zuwa Kukawa ta Gumel a watan Maris 1851, daidai lokacin da rikicin Buhari ke tafasa. An buga littafin tafiyarsa a 1857 da 1858, juzu'i biyar. Darajar Barth ita ce yana raye Buhari yana raye, abin da ya rubuta bai jira shekara hamsin a bakin mutane yana canja kama ba. Ya ba da labarin yadda aka tuɓe Buhari, da yadda ya komo ya ci garin ya kashe ɗan'uwansa Ahmadu, da tsoron da ya shiga ƙasar har kusa da Kano. Amma fa bai shiga Haɗeja ba. A hanya ya ji, daga fatake da mutanen garuruwan da ke tsoron harin Buhari. Shaidarsa mai kyau ce a kan abin da maƙwabta ke faɗi a 1851. A kan abin da ke cikin zuciyar Haɗejawa a wannan shekara, ba shi da ta cewa.

Ga gundarin labarin, yadda galibin littattafai suka yarda. Sambo ne ya kafa sarautar Fulani a Haɗeja wajen 1808. Ɗansa Buhari ya hau a 1848. Aka kashe Sarkin Auyo Nalara, ɗan'uwan Buhari, aka ɗora masa laifin. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya aiko Waziri Abdulƙadir ya zo Katagum, aka tuɓe Buhari a 1850 aka naɗa Ahmadu. Buhari ya komo a 1851. A 1853 Sakkwato ta haɗa runduna daga Kano da sauran ƙasashe, Buhari ya watsa ta a Kaffur. Ya ci gaba da mulkinsa ba ya bin Sakkwato har ya rasu a 1863 wajen yaƙi da Bade a Gogaram. Wannan duk ba a cika gardama a kansa ba. Inda gardama ta ke shi ne, wane irin mutum ne, kuma me ya sa mutanen Haɗeja suka tsaya bayansa shekara goma sha biyu alhali Sarkin Musulmi ya tuɓe shi.

Nan ne mu ke zuwa ga takardun Turawan mulki, su ne kuwa suka fi yawa a hannun 'yan makaranta. A 1911 J. M. Fremantle ya buga tarihin yankin Katagum a mujallar wata ƙungiya ta London mai nazarin Afirka. A 1921 aka buga Gazetteer of Kano Province na W. F. Gowers, wanda ya yi Razdan a Kano, daga baya ya zama Gwamnan Uganda. Ba mu raina aikinsu ba. Da ba su rubuta ba, da jerin sunayen sarakuna da shekarunsu da yawa sun ɓace. Amma ku duba yadda a ke haɗa irin wannan littafi. Bature ya zauna a rumfa, tafinta na tsaye, an tara dattawan fada. Shi yana tambaya da Turanci ko da Hausar da ba ta nuna ba, su suna amsawa da abin da suka ga ba zai jawo musu tsiya ba. Ba don ku ya ke rubutawa ba, don D.O. ɗin da zai gaje shi ya ke yi, ya san gidan da ke da gadon sarauta da garin da ke biyan haraji ga wane hakimi.

Sa'an nan su wa suka ba shi labarin Buhari? Katagum tana cikin ƙasashen da suka sha wuya a hannunsa, ba a sa ran a ji yabonsa a can. A Haɗeja kanta ma akwai abin lura. Da Buhari ya rasu ɗansa Umaru ya gaje shi, amma a 1865 sarauta ta koma hannun Haruna ɗan Sambo, ɗan'uwan Buhari, kuma tun daga nan cikin zuriyar Haruna ta ke. Watau fadar da Bature ya tarar ba ta 'ya'yan Buhari ba ce. Ba mu ce an yi masa ƙarya ba. Kisan Ahmadu ya faru, harin da ya riƙa kai wa maƙwabta ya faru, garuruwa sun watse, an kama mutane bayi, ba mai wanke shi daga wannan. Abin da mu ke cewa shi ne, wanda zai yanke hukunci a kan mutum ya kamata ya san ko daga bakin wa ya ji ƙarar. Haka kuma yaron da ya ji kirarin Buhari a gida ya zo ya rubuta shi jarumi tsantsa, shi ma gefe guda ya ji, sai ya je ya tambayi jikokin waɗanda aka ƙone wa gari.

Wani abin da ke ruɗin 'yan makaranta kuma shi ne yawan littattafai. A 1930 S. J. Hogben ya buga littafinsa na tarihin sarakunan Musulmi na Nijeriya don makarantu, ya ɗebo da yawa daga irin littattafan lardi na su Gowers. A 1966 shi da A. H. M. Kirk-Greene suka faɗaɗa shi. A 1972 aka sake buga na Gowers ɗin kansa a London tare da na waɗansu larduna. Yaro ya ɗauko uku, ya ga duk magana ɗaya su ke yi, sai ya ce, "Ai shaidu uku sun yarda." Ku je zauren alƙali ku gani. In mutum uku suka zo shaida, aka tambaye su, na biyu ya ce daga na farko ya ji, na uku ya ce daga na biyu ya ji, alƙali shaida nawa zai lissafa? To, haka littattafai su ke. Kafin ku ƙirga su, ku bi sawu ku ga ko daga rijiya guda suka ɗebo.

Maganar 1906 ta fi wannan nauyi, gama a nan wanda ya rubuta labarin shi ne wanda ya yi harbin. Haɗeja ba ta yi yaƙi a 1903 ba, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗi. Sai bayan shekara uku. A watan Fabrairu 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka kashe Turawa da sojojinsu, hankalin gwamnati ya tashi. Bayan an murƙushe Satiru, Gwamna Lugga ya tura runduna Haɗeja ƙarƙashin Kanar Lowry Cole, da igwa da bindiga mai ruwa. A ƙarshen Afrilu aka gwabza cikin gari, Sarki Muhammadu ɗan Haruna ya rasu tare da 'ya'yansa da manyan fadawansa da jama'a masu yawa. Rahoton gwamnati na wannan shekara yana nan, an buga shi a London. In kun karanta za ku ga an jera laifuffukan Sarki tsaf, an nuna an ba shi wa'adi ya ƙi, an wulakanta manzo. Ku tuna wannan rahoto Gwamna ya rubuta wa manyansa na Ingila, waɗanda ke tambayarsa dalilin zub da jini. Mai kare kansa ne ke magana. Yana da amfani ƙwarai wajen sanin yawan sojoji da ranar tashinsu da hanyar da suka bi, don a nan ba shi da dalilin ɓoyewa. Wajen dalilin yaƙin kuwa, rabin magana ne.

Ɗaya rabin yana ina? Wani yanki nasa yana cikin suna guda. Mutanen Haɗeja ba su kiran wannan sarki sai da Mai Shahada. Ba Razdan ne ya ba shi wannan suna ba, ba a kuma rubuta shi a fayil aka aika Zungeru a sa hannu ba. Jama'a ne suka yanke nasu hukunci suka liƙa shi jikin sunan, ya bi baki fiye da shekara ɗari. Mai bincike ya ajiye rahoton Gwamna a dama, ya ajiye wannan suna a hagu, ya san yana gaban shaidu biyu da ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba.

Littafin da ya fi kusa da gyara wannan giɓi shi ne na Victor Low, Three Nigerian Emirates, wanda aka buga a Amurka a 1972, a kan Gwambe da Katagum da Haɗeja. Shi bai tsaya ga fayil ba, ya zo ƙasar a shekarun 1960 ya zauna da dattawa ya ɗauki abin da suka riƙe a ka, ya gwada shi da abin da ke rubuce. In a ɗakin karatunku littafi guda kaɗai za ku iya nema a kan Haɗeja ta zamanin Sambo da Buhari, wannan za ku nema. Duk da haka muna da magana a kansa. Tsakanin rasuwar Buhari da zuwan Low shekara ɗari ce, ba wanda ya gana da shi da ya ga Buhari da ido, jikoki ne ke faɗin abin da kakanni suka faɗa. Sa'an nan hankalinsa na kan sarauta da muƙamai da yaƙi, don haka masu riƙe da irin wannan labari ya fi nema. Abin da ya fi ba mu haushi kuma, da Hausa aka ba shi labarin, da Turanci ya fito, a wata ƙasa mai nisa. Dattijon da ya ba da labarin, jikansa sai ya yi shekaru a makaranta kafin ya iya karanta maganar kakansa.

Yanzu ga babban ƙorafinmu, ya kuwa shafe su duka, tun daga Barth har Low. Ku rufe littattafan ku fita bayan gari ku duba. Me ke ciyad da Haɗeja? Kogi ne. Kogin Kano da na Challawa su ke haɗuwa, ruwan ya biyo ta Wudil da Ringim, in ya iso ƙasar Haɗeja sai ya rarrabu ya bazu cikin fadama, wani ya bi ta Kafin Hausa, wani ya bi ta Marma ya nufi Nguru, wani ya je ya gamu da kogin Jama'are wajen Gashuwa, su tafi tafkin Chadi. A kan wannan ruwa a ke shuka shinkafa da damina, in ya janye a bi danshinsa da wake da sauran amfanin rani, masunta su shiga tafkuna, Fulani su sauko da shanu da kaka. Dawakin da Buhari ya kai Kaffur, ciyawar wannan fadama suka ci. Amma littattafan nan za su ba ku sunan sarki da shekarun da ya yi da garin da ya ci, kogin kuwa sai a ambace shi a layi biyu a wuce, kamar iyakar gona. Garun Gabas ma, wadda a ke cewa ita ce Biram ta cikin Hausa Bakwai, da Auyo da tsofaffin garuruwan da suka riga jihadi, ɗan abin da a kan ba su bai taka kara ya karya ba.

Wannan rashi kuwa ba na ado ba ne, yana da ciwo. A 1974 aka gama madatsar Tiga, a 1992 aka gama ta Challawa. Tun daga nan zuwan ruwa ya canja. Fadamar da ta saba cika ta bushe a kan lokacinta, wani wuri ya daina samun ruwa, wani wuri ruwan ya ƙi janyewa, kacalla ta tsiro ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren su. Ga kuma ambaliya irin ta 2020 da ta 2022. In mutanen wani gari suka tashi kai kuka, suka ce da can ruwa kan kai wuri kaza ya janye a wata kaza, za a ce musu ina shaida? In manomi da makiyayi suka yi gardama a kan ko wannan fili burtali ne tun asali, littafin Gowers ba zai raba su ba.

Abin mamaki, takardun da za su taimaka a nan su ne waɗanda ba mai ɗaukarsu tarihi, watau takardun haraji. Turawa sun riƙa tura jami'ansu gunduma gunduma su kimanta abin da za a biya. Don kuɗi a ke nema, sai aka rubuta abin da mai neman labarin sarakuna ba ya tambaya: sunan ko wane ƙauye, yawan mutanensa, abin da su ke nomawa, masunta nawa, masaƙa nawa, shanu nawa, wace kasuwa ke ci ran wace rana. Rahoton shekara shekara na yanki kuma ya kan faɗi yadda damina ta yi, ko kogi ya cika ko bai cika ba, ko fara ta sauka. A irin waɗannan ne za ku bi sawun yunwar 1914, wadda a ƙasar Kano a ke kira Kakalaba, ku ga kuma yadda gyaɗa ta ja mutane Malam Madori da Birniwa bayan jirgin ƙasa ya kai Nguru a 1930. Amma su ma a riƙe su da hankali. Wanda ya san ƙidaya haraji ce ba ya fito da 'ya'yansa duka, Bafillacen da ya ji mai jangali na tafe kuwa ya san inda zai kai rabin garkensa. In takarda ta ce shanu dubu, ku karanta "waɗanda aka gani dubu." Littattafan shari'a na alƙalai, inda gara ta bar su, sun fi waɗannan daɗin karatu, don a cikinsu talaka ke magana da bakinsa a kan gonarsa da tafkinsa da gadonsa. Sai dai da Larabci ko ajami a ke rubuta su, nan ne ɗan makarantar boko zai ga amfanin allonsa, ko ya nemi wanda bai yar da nasa ba.

In Allah ya kai ɗayanku irin wannan ɗaki, ya tafi da littafin rubutu da fensir. Kafin ya kwafi ko kalma guda, ya rubuta lambar fayil, da sunan wanda ya rubuta takardar, da muƙaminsa, da shekara, da wanda ya aika wa. Abin da ya kwafa ya kwafe shi yadda ya ke, ko da kuskure a ciki, nasa ra'ayin ya sa shi a wani shafi dabam. Kada ya jiƙa yatsa da yawu wajen buɗe takarda, waɗansunsu sun haura shekara ɗari, taɓawa kaɗan su ke jira. Ya girmama ma'aikacin wurin, gama sau da yawa abin da ke kansa ya fi abin da ke cikin jerin sunayen fayil. Mun taɓa zuwa wani ɗakin karatu, ba za mu faɗi sunansa ba, muka tarar da ɗaurin takardu a ƙasa bayan ƙofa, ruwan rufi ya manne su sun zama kamar dawo. Ba wanda ya san abin da ke cikinsu, ba kuwa wanda zai sani.

Sa'an nan ya ɗauki abin da ya kwafo ya kai gida, ya karanta wa dattijon unguwa, ya ji me zai ce. Wanda ya ke da shekara 15 sa'ad da aka rufe Tiga, a 1959 aka haife shi. Waɗanda suka yi su da noma a kogin kafin madatsa, suka san shi da hankalin manya, sun girme wannan, kullum kuwa raguwa su ke yi. Muna roƙon 'yan makarantun Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma, ko wane ya samu tsoho guda, namiji ko mace, ya tambaye shi sunayen tafkunan garinsu, da watan da ruwa kan iso da can, da watan da ya kan janye, da irin kifin da a kan kama wanda yanzu ba a gani. A rubuta da Hausa yadda ya faɗa, a sa sunan gari da shekarun mai ba da labari da ranar da aka yi hirar, a ajiye kwafi guda a makaranta, a aiko wa Edita da guda. Waɗanda suka fi cika za mu buga su a wannan shafi.